Ƙaramin Buhu a Kan Babba

A ɗakin gwajinmu buhun yashi ne ke hawa keken lantarki, irin mai kujerar nan da tsofaffi ke yawo da shi. Mu ɗora buhun, mu kunna, tayoyin su yi ta juyawa a wuri ɗaya har batirin ya mutu, mu ga nisan da zai kai mutum.

Ran nan Oga ya tarar na ɗora ƙaramin buhu a kan babban.

"Wannan fa? Nauyin mutum ɗaya aka ce."

Na ce, "Mutum ɗaya a ina, Oga? Tunda na saya wa Babana irinsa bai taɓa fita shi kaɗai ba. Yana kunnawa 'yata za ta ɗare cinyarsa, wai ita ce direba. Jiya batirin ya mutu musu a hanya, sai maƙwabci ne ya turo su gida."

Oga ya kalli buhunan. Can ya gyara wa ƙaramin zama, ya ja bel ya ɗaure su tare.

Ya ce, "Ƙara masa yashi. Tawa jikar akwai ci."