Karawar Baba da Katifa

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu ban huce da awakin da ke cikinsa ba.

Bari in fara faɗin ko ni wane ne, don mafarkin bai zo haka kawai ba. Sunana Sallau, aski nake yi a bakin tashar motar Gumel, amma an fi sanina da allo. Duk ranar da za a nuna babban wasan resilin, kokawar nan ta Turawa, a gidan kallon Tanimu, irin wasan da sai an biya na musamman ake buɗe tashar talabijin ɗin, nakan jingina baƙin allo a ƙofar shagona in rubuta wanda zai ci kowace karawa. Sau arba'in da ɗaya a jere ban kuskure ba. Ba duba nake yi ba, gaibu sai Allah. Na dai gane wasan shiri ne, kuma masu shirya shi suna da halinsu kamar kowa. Wanda ya yi ta bugun ƙirji a satin ƙarshe, shi zai sha kaye. Tsohon da aka dawo da shi fili kuwa, an dawo da shi ne don ya faɗi.

Babana Nomau ɗan kokawa ne na gaske. Daga Gumel har Damagaram, shekara goma sha tara bayansa bai taɓa ƙasa ba. Resilin kuwa ya raina shi. "Wace irin kokawa ce wannan," yakan ce, "ƙato ya faɗi sau goma ya tashi yana karkaɗe jiki? Mu in ka faɗi, ka faɗi." Kwana tara da suka wuce ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa ya shanye. Tun ranar yana kwance a katifa, in yana son wani abu sai ya buga cokali a jikin kwano. Jiya da nake masa aski ya kama ni da hannunsa mai lafiya ya ce, "Kai mai allo, me ka gani? Zan tashi?" Na ce masa ya daina motsi kada in yanke shi. Ban ba shi amsa ba, domin ni ba na faɗin abin da ban tabbatar ba. Da wannan na kwanta.

Sai na gan ni a wani gari da rana tsaka, ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake tsattsafowa ya nufi sama, don haka mutanen garin suna tafe da lema a kife tsakanin ƙafafunsu. Wandona ya jiƙe sharkaf, hulata a bushe. Allona na rataye a wuyana, kuma ya fi nauyin da na san shi da shi. Ina sauri, ban san inda za ni ba, na dai san na makara.

A ƙofar wani babban gidan kallo wata akuya mai tabarau ta tare ni.

"Kallo ɗaya, maɓalli ɗaya," in ji ta.

"Na wasan duka?"

"Na kallo ɗaya. In ka ƙifta ido, wancan kallon ya ƙare, sai ka biya na gaba. In maɓallanka suka ƙare, waje."

Na duba rigata. Maɓallai ne tun daga wuya har idon sawu. Ta tsinke na farko da haƙori ta tauna, ta ce in hau sama ana jirana. Matakalar ƙasa take gangarawa. Na bi ta, na fito a hawa na uku.

Ofis ne mai sanyi. Awaki takwas suna buga keken rubutu da kofato, babu wadda ta ɗago ta dube ni. A bayan babban tebur wani bunsuru ya hakimce cikin kwat, warinsa ya riga gaisuwarsa isowa.

"Kai ne mai allon Gumel? Zauna. A'a, kada ka zauna, kujerun sun gaji."

Na tsaya.

"Mu muke shirya sakamako," in ji shi. "Na yau tun bara muka rubuta shi. Sakatariya ta cinye."

Wata akuya ta sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, takardar da gishiri-gishiri."

"Ba a tuhume ki ba. Sakamakon dai yana cikinta, kuma babu wanda ya tuna shi. A ƙa'idarmu ba a rufe karawa sai mai allo ya rubuta hasashensa. In ka dace, mu tafa maka. In ka kuskure, mu cinye allon."

"Har da arba'in da ɗayan nawa?"

"Daga su za mu fara."

Na ƙifta ido don haushi. Akuyar ƙofa ta ɓullo daga ƙarƙashin tebur ta tsinke maɓalli ta koma.

Muna cikin filin wasa. Ban san lokacin da muka sauko ba. Jama'a maƙil, kowa ya gwale ido da yatsa yana hawaye don tsimin maɓalli. Dandamali a tsakiya, igiyoyi uku kewaye da shi, ruwa yana ta fitowa ta ƙarƙashinsa yana dukan rufi. Aka tsayar da ni a gefe da allona da alli guda. Bunsurun ya tsaya a kafaɗata yana numfashi.

Karawar farko tsakanin Fanka ce da Zafi. Na rubuta Zafi. Fanka ta yi ta juyi tana burga, aka ɗauke wuta, Zafi ya zauna mata. Aka tafa.

Ta biyu, Talata da Laraba. Talata ta shigo tana bugun ƙirji tana zagin 'yan kallo, ban ko tsaya tunani ba na rubuta Laraba. Laraba ba ta yi komai ba. Ta jira Talata ta wuce, ta hau kan igiya ta ɗaga hannu.

Ta uku ta haɗin gwiwa ce, Turmi da Taɓarya a gefe guda, Injin Niƙa a ɗaya gefen. Na rubuta cewa Taɓarya za ta ci amanar Turmi. Shekara nawa tana dukansa yana cewa aiki ne? Ai kuwa ana tsaka da wasa ta juyo ta rafka masa, ta je ta rungumi Injin. Turmi ya zauna baki buɗe kamar yadda ya saba. Jama'a suka yi ta kiran sunana, na ji kaina ya yi girma, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Na duba rigata, maɓalli biyar suka rage, iska tana shiga ta ko'ina.

Fitilu suka mutu. Hayaƙi ya tashi daga ƙofar gabas, aka saki kiɗa mai girgiza ciki.

"Babbar karawa!" in ji wata akuya mai sanarwa. "Mai riƙe da kambun duniya, wadda ba a taɓa kayarwa ba! Ta kwantar da sojoji, ta kwantar da malamai, ta kwantar da direbobin tirela! Ita kaɗai ke danne mutum daga ƙasa! Katifa!"

Ta shigo a tsaye tana rangaji, an ɗaura mata ɗamarar zinariya a tsakiya. Na gane ta. Shuɗiya ce mai zanen fulawa, ga ƙunar maganin sauro nan a kusurwarta. Ni na sayo ta a kasuwar Maigatari.

Daga ƙofar yamma babu hayaƙi, sai kalangu guda. Baba ya fito da warki da layunsa na dā, amma da jikinsa na yanzu, yana jan ƙafa. Aski rabi ne a kansa, inda na tsaya jiya. Hannunsa na hagu babu shi.

"Ina hannun?" in ji alƙaliyar wasa, wata akuya mai riga fari da baƙi.

"Ya ce in yi gaba, zai biyo ni," in ji Baba.

"To, bismillah."

A layin gaba na hango Inna, mahaifiyata, tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ba ta gwale ido ba, ba ta biyan kowa, akuyar ƙofa ma kewaye ta take yi. Ba ta dube ni ba ta ce, "Sallau, an tambaye ka fa."

Aka buga ƙararrawa. Baba ya duƙa ya shafi ƙasa kamar yadda yake yi a dā, ya fara zagaye. Katifa ba ta kai hari ba. Ta shimfiɗe a tsakiyar fili ta yi shiru. Baba ya zagaya ta sau bakwai yana neman inda zai kama, babu wuya, babu ƙugu, babu ƙafar da za a ɗauke. A zagaye na takwas ruwan da ke fitowa daga ƙasa ya ɗauke masa ƙafa, ya faɗa kanta rigingine. Ta ɗan lotsa, ta riƙe shi.

Alƙaliya ta buga kofato. "Ɗaya!"

Sai ta zauna, aka kawo mata shayi. Duk gidan ya juyo yana kallon allona.

Wanzami ba ya son jarfa. Na sha yanke wa ƙattin duniya hukunci ina cin gyaɗa, yau alli ya yi mini nauyi a hannu. Na shiga laluben ƙa'idojina ko zan sami mafita.

"Katifar nan ta yi bugun ƙirji a satin nan?" na tambayi Bunsuru.

"Katifa ba ta da ƙirji."

"Wani zai shigo da kujera ya kawo ɗauki?"

"Na gaya maka kujerun sun gaji."

"Ba za a iya tashi canjaras ba?"

"Malam Sallau, tsoho ne aka dawo da shi fili. Ƙa'idar taka ce, ba tamu ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji kamar in shaƙe shi. Na ƙifta, na sake ƙiftawa, na kuma ƙiftawa. Maɓalli biyu suka rage. Da na duba allon sai na ga allin ya fara aiki ba da izinina ba, har ya rubuta harafin farko na sunan Katifa, kyakkyawan rubutu irin nawa. Tsoro ya kama ni, kunya ta biyo baya, domin na san hannuna bai yi ƙarya ba. Abin da na gani ke nan tun ranar da aka ɗauko shi daga bakin rijiya.

Alƙaliya ta ajiye kofi. "Biyu!"

Na goge harafin da hannun riga. Na danna allin har ya karye, na rubuta NOMAU da guntun, manya-manya, har ya hau kan hasashen Laraba. Wani a baya ya ce mai allo ya haukace. Na ɗaga allon sama na juya shi wajen dandamali, na ce to, na fita, na ba da amsa.

Baba ya karkato kai daga inda yake kwance, ya daɗe yana duban allon.

"Sallau, ka san ban yi boko ba. Me ka zana?"

Na ƙifta. Saura ɗaya.

Na yar da allon na kutsa ta tsakanin igiyoyi. Filin ya yi ta tsawo ina gudu, ruwa yana shiga mini hanci ta ƙasa, akuyar ƙofa tana biye da ni baki buɗe tana jiran in ƙifta. Idona kamar an zuba barkono. Na isa, na durƙusa a gefen katifar.

"Bayana ya taɓa ƙasa, ɗan nan," in ji Baba. "An gama."

"Ba a Damagaram muke ba, Baba. Wannan kokawar da kake rainawa ce. A nan faɗuwa ba kaye ba ce, sai an ƙirga uku. Biyu aka ƙirga. Kafaɗa ɗaya kawai za ka ɗaga."

"Kokawar banza."

"Ta banza ce. Ɗaga dai."

Ya zuba mini ido. "Zan tashi?"

"Za ka tashi."

"Ka tabbata?"

"Ban tabbata ba, Baba. Amma sunanka na rubuta, kuma ko sau nawa aka ba ni alli shi zan rubuta."

A bayana na ji ƙurus-ƙurus. Awakin ba su ma jira sakamako ba, sun taru a kan allona suna ci, Bunsuru ya kama kusurwar da arba'in da ɗayan suke. Na zaci zan ji zafi. Wuyana ne kawai ya yi sakayau. Inna ta ture faifai gefe ta miƙe tsaye.

Ƙofar yamma ta buɗe. Hannun Baba na hagu ya shigo yana haki, yana ba mutane haƙuri, wai mota ce ta lalace a hanya. Ya nufo dandamali yana tafiya da yatsu, a hankali, a hankali ƙwarai. Alƙaliya ta share baki, ta ɗaga kofato sama. Kafaɗar Baba ta fara rawa. Na ga haske ɗan siriri tsakaninta da katifar, ko kuwa hawayen idona ne, ban sani ba. Kofaton yana saukowa, hannun yana tahowa, ni kuma idona ya kai maƙura. Na ƙifta.

Ƙwan!

Rufin ɗakina ne a sama, gari ya waye, rigata na rataye a ƙusa da maɓallanta uku. Daga ɗakin Baba na sake jin cokali a jikin kwano.

Ƙwan!

Na diro daga gado ko takalmi ban nema ba. Ban jira na uku ba.