Wa Ke Kashe Talabijin?

Lokacin da Auta ta tsamo rimot ɗin dikoda daga bokitin goge ƙasa, ruwan sabulu na tsiyaya daga gindinsa, shirin da za a nuna ta a talabijin ya kusa farawa. Ta yarfe shi, ta danna, ta sake dannawa. Dikodar ko gezau. A allo kuwa wasu dattawa masu farar hula suna ta bin wata 'yar ƙwallo da sanduna a kan ciyawa. Tashar da yayanta ya bari ke nan kafin barci ya kwashe shi a kan kujera, rimot ya gangaro daga tumbinsa ya faɗa bokiti.

Yaya ya ce laifin mai ajiye bokiti a tsakiyar falo ne. Anti, matarsa, ta ce laifin mai minshari da rana tsaka ne. Kafin Auta ta raba su, Anti ta ruga ɗaki ta ɗauko abin busar da gashinta, ta sakar wa rimot ɗin iska mai zafi da zuciya ɗaya. Ya bushe kam. Sai dai maɓallan sun lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana, gidan batir ya buɗe baki ya ƙi rufuwa.

Mama, mahaifiyarsu, tana zaune a kujerarta ta kusurwa, ta lulluɓa da mayafi, tana kallonsu kamar mai kallon rigimar wani gida.

Saboda Mama ne Auta ke wannan zufar. Tun da ta ajiye aikin ofis ta buɗe shagon ɗinki, Mama ba ta taɓa kiran abin sana'a ba. Idan ƙawayenta suka tambayi me Auta ke yi yanzu, sai ta ce hutu take. Ana nan sai ga masu wani shirin talabijin na matasa masu sana'a sun zo shagon da kyamarorinsu, suka ɗauki Auta tana yanka tana ɗinki tana bayani. Yau za a nuna. Nuna wa Mama a waya kuwa ɓata lokaci ne, domin ta sha faɗi cewa waya kowa shiga yake, har kyanwar maƙwabta, talabijin ce ba ta ɗaukar kowa.

Dikodar irin ta zamani ce, sumul, ba maɓalli ko ɗaya a jikinta. Auta ta zari takalmi, ta sauka benen da gudu, ta tsallaka titi zuwa shagon kayan lantarki. Mai shagon, wanda unguwa ke kira Injiniya duk da ba wanda ya taɓa ganin takardarsa, ya duba gawar rimot ɗin ya ce irinsa ya ƙare. Amma ya ciro wani dogo baƙi daga kwali, ya ce wannan shi ne gama-gari, yana jin yaren kowace na'ura, talabijin ne, dikoda ce, lasifika ce, in aka lallaɓa shi ma sai ya kashe fanka.

Ya nuna mata yadda ake yi, tana tsaye da ƙafa ɗaya a waje. Ta danna maɓallin na'urar da take so, ta riƙe na saiti har fitila ta tsaya ja. Daga nan ta saita shi ga na'urar ta riƙa danna maɓallin kashewa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, domin kowace dannawa sabon yare yake gwadawa. Da zarar na'urar ta mutu, to ya dace da yarenta ke nan, sai ta danna na tsakiya ta kulle.

Ta dawo tana haki, ta ɗaga shi sama kamar wadda ta ciwo kofi, ta sanar da falo cewa daga yau an huta da tarkace, rimot ɗaya zai yi aikin uku.

Ba ta lura da kallon da mutanen falon suka yi wa juna ba.

Ai gidan nan da tsarinsa. Rimot uku ne, kuma kowanne da mai shi. Na dikoda na Yaya ne, shi ke zaɓen tasha. Na lasifika na Anti ne, ita ke da iko da murya, idan ƙwallo ta ishe ta sai ta rage har sai Yaya ya dawo karanta leɓen mai sharhi. Na talabijin kuwa, tsohon da aka naɗe da salatif, na Mama ne. Ba ta canza tasha, ba ta taɓa murya, amma idan ta ga abin da bai yi mata ba, ko gardama ta yi yawa, danna ɗaya take yi kowa ya tashi ya nemi abin yi. Ba wanda zai iya kallo sai da yardar sauran biyun, shi ya sa ake zaman lafiya.

Auta ba ta da lokacin siyasa. Ta durƙusa gaban talabijin, ta danna maɓallin dikoda, ta riƙe na saiti, fitila ta tsaya ja. Ta fara dannawa. Ba ta yi nisa ba allon ya yi baƙi ƙirin. Ta danna na tsakiya da sauri, ta ce an gama, Injiniya ya cika Injiniya.

Yaya ya tashi ya kunna talabijin ta jikinta. Dattawan nan suka dawo da sandunansu. Auta ta danna lambar tasharta. Shiru. Ta danna sama, ta danna ƙasa. Wani dattijo ya buga ƙwallo ta faɗa rami, 'yan kallo suka tafa a hankali.

Ta sake daga farko. Wannan karon ta ɗan daɗe tana dannawa kafin allon ya mutu. Ta kulle, aka kunna, dattawa na nan daram. Anti ta ce batir ne, aka kwance na agogon bango aka sa. Yaya ya ce matsalar ba a riƙe shi daidai ba, ya karɓa ya miƙe hannu kamar mai harbi, allon ya mutu, ya kulle, ya juyo yana murmushin nasara. Aka kunna. Dattawan sun koma wani rami.

Wayar Auta ta fara ruri. Ƙawarta ce, tana cewa an fara, an nuna mai gyaran takalma, yanzu mai yin sabulu ake nunawa, ita ce ta gaba ko ta bayanta. Auta ta ajiye wayar. Idanunta suka ciko. Watanni tana jiran wannan yammacin, ga shi zai wuce tana kallon ciyawa.

Ta sake durƙusawa, kusa sosai, har numfashinta na taɓa gilashin teburin. Ta danna, ta danna, allon ya mutu. Yatsanta ya kai kan na tsakiya ke nan sai idonta ya faɗa kan dikodar. 'Yar fitilarta kore ce shar. Ba ta mutu ba. Ashe duk wannan lokacin dikodar ba ta taɓa mutuwa ba, talabijin ce ke mutuwa, ita kuma tana kulle yaren banza.

To wa ke kashe talabijin?

Ta juya a hankali. Mama na kallon silin, fuskarta ba laifi ko ɗaya. Amma hannunta na dama na ƙarƙashin mayafi, kuma a bakin mayafin wani ɗan salatif ya leƙo.

"Mama."

"Na'am."

"Fito da hannunki."

"Sanyi nake ji."

Anti ta toshe baki da filon kujera, kafaɗunta na rawa. Auta ta rarrafa ta zauna a ƙasa gaban mahaifiyarta, ta ce ba faɗa ta zo ba, amma shirin na tafiya, kuma tun da ta fara ɗinki abu ɗaya take nema a duniya, Mama ta gani da idonta.

Mama ta fito da tsohon rimot ɗin ta ɗora a cinya, ta shafa salatif ɗinsa. Ta ce ita ba ta da matsala da shiri. Amma da kunnenta ta ji an ce abu ɗaya zai yi aikin uku.

"Idan ya yi, wannan na shiga kwandon shara ke nan. Yayanki ya riƙe sabon, ni in zama 'yar kallo a falona."

"Wa ya ce Yaya zai riƙe?"

Mama ta ɗago ido.

"Naki ne," in ji Auta. "Tasha, murya, kashewa, duka."

Yaya ya miƙe tsaye ya ce wannan juyin mulki ne, a gabansa ake yi kuma ba a ko tuntuɓe shi ba. Anti ta daina dariya nan take, ta ƙanƙame rimot ɗin lasifika a ƙirji, ta ce ita me ta yi, bokiti kawai ta ajiye. Mama ba ta ko dube su ba. Ta tura tsohon rimot ƙarƙashin cinyarta, ta zauna a kansa, ta ce wa Auta ta yi aikinta.

Wannan karon Auta ba ta kalli allo ba, fitilar dikodar ta zuba wa ido. Ta danna, ta jira. Ta danna, ta jira. Wayarta na ta ruri a kan kujera ba wanda ya ɗaga. Can sai koriyar fitilar ta koma ja. Ta danna na tsakiya, ta danna na kunnawa, fitilar ta dawo kore. Ta buga lambar tashar.

Dattawa suka ɓace. Sai ga fuskarta ta cika allon, tef a wuya, almakashi a hannu, a bayanta kekunan ɗinki biyu da yadudduka jere har rufi.

Ta miƙa wa Mama rimot ɗin da hannu biyu. Mama ta karɓa, ta matso bakin kujera, ta ce a ƙara murya. Anti ta ƙara ba musu, tana ƙunƙuni cewa wannan ne aikinta na ƙarshe.

Autar talabijin tana bayanin yadda ake auna kafaɗa. Autar falo kuwa ba allon take kallo ba. Mama ta sa tabarau, leɓenta na motsi, tana bin kowace kalma. Da mai gabatarwa ta ce wannan matashiya ta ɗauki mata uku aiki, Mama ta juyo ta tambayi ko gaskiya ne. Auta ta gyaɗa kai. Mama ta ce to me ya sa ba a gaya mata ba. Yaya ya ce an gaya mata sau ba adadi, Mama ta nuna shi da sabon rimot, ya yi shiru.

Daga ƙarshe kyamara ta juya kan wata koriyar riga mai duwatsu a jikin mutum-mutumi, ta bi ta daga wuya har ƙasa, a hankali, gaba da baya. Auta ta dafe kai. Mai rigar nan ta sa ta yi alkawarin ba idon da zai gan ta sai ranar liyafarta, kuma masu kyamarar sun rantse za su yanke wurin.

Mama ta ce wannan rigar ta yi, irinta take so.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, da ƙarfi, irin na wanda ya hawo bene da fushi. Auta ta buɗe. Wata doguwar mata ce da ba ta taɓa gani ba, baƙin gilashi a goshi, makullin mota a hannu. Ta ce tun safe take ganin tallar shirin, ta je shago ta tarar a kulle, da tambaya ta kawo nan.

"Nan ne gidan telar?"

"Nan ne," Mama ta amsa daga kujerarta da murya mai cike da alfahari. "'Yata ce. Shigo mana."

Matar ta shigo ba murmushi. Ta ɗaga wayarta, koriyar rigar na ƙyalli a ciki.

"Ni ce yayar mai wannan. Tana cikin mota tana kuka, sauran 'yan'uwanmu kuma suna hanya."