Nauyin Wateba

Jiya da dare na yi wani mafarki, ku matso ku ji. Amma bari in fara da abin da na kwanta da shi a rai. Gwaibar da jikata Rumasa'u ta shuka tun tana firamare ta fara tsaga mana katanga. Na kira ta a waya, tana makaranta a Zariya, na ce, "Ƙawata, a sare?" Ta ce, "Wateba, Iya," ta kashe. Turancin yaran yanzu ke nan. Ga mai gatari zai zo da safe.

Sai ga ni a wata kasuwa, ba a sayar da komai sai kalmomi, an ɗaure su a turke kamar tumaki. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi, kowa ya taka lemarsa yana tafiya.

Wata zabuwa mai tabarau ce sarkin kasuwa.

"Ranki ya daɗe, ina ake ajiye wateba?"

"Wacce? Ta raini ko ta gajiya?"

"Au, iri-iri ce?"

"Hajiya, har da ta kunya. Bi kogin can, in ya dawo daga cefane."

Kawai na gan ni cikin wani rumbu mai faɗin filin ƙwallo. Wateba ko'ina, kowacce tana ɗaga kafaɗa. Wasu don rashin nauyi sun tashi sun manne a rufi.

Wani kunkuru mai sikeli ya ce, "Na sama na wanda bai damu ba ne, a jefa a ƙarshen gardama a juya baya. Na tsakiya kuwa na mai cewa 'zaɓa mini, duk ɗaya' ne."

"To ta Rumasa'u fa?"

Ya nuna lungu. 'Yar mitsitsiya ce, ba ta fi ƙwan tattabara ba. Na sunkuya in ɗauka, ta ƙi motsi. Aka kawo jakuna biyu, suka ja, suka ja, suka zauna suna haki.

"Malam Kunkuru, wannan da me aka cika ta?"

"Da maganar da ta tsaya a maƙogwaro. Sa kunne."

Na sa. Can ciki wata 'yar yarinya ke jan bokitin da ya fi ta girma, tana lallashin ɗan tsiron gwaiba mai ganye biyu: "Sha mana, sha."

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni, tar-tar-tar. Ko ɗankwali ban ɗaura ba, na leƙa zaure na ce in mai gatari ya zo a ba shi haƙuri, a nemo mini birkila ya gyara katangar.