Numfashin Auta

Tun da Auta ya bar jami'a ya dawo ya kulle kansa a ɗaki, babansa bai sake jin daɗin abinci ba. Yaron ba zazzaɓi, ba ciwon kai, magana ce kawai ta ƙare masa. Aka tura su wurin wata likita wadda ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya, sai hira. Baban direban babbar mota ne, ya kasa gane yadda za a warkar da marar magana da magana.

Duk zuwa yana benci a waje, yana murza hula, kunnensa na ƙofa. Shiru. Can sai muryar likita ƙasa-ƙasa, sai kuma shiru. In ma yaron na magana, me yake cewa? Ko cewa yake ubansa ne ya jawo?

Ran nan likita ta ce baban ya shigo. Ya tarar da wata malama da rakoda a kan tebur. Aikinta nazarin yadda hira ke tafiya tsakanin likita da majinyaci. Ta nemi izinin ɗauka, Auta ya gyaɗa kai, baban ma ya yarda.

"Auta, me ya fi yi maka nauyi a gida?" in ji likita.

Shiru ya sauka, ya danne wa baban ƙirji. Tausayin ɗansa ya kama shi.

"Ba komai, likita. Ɗakinsa har da fanka. Ko ba haka ba, Auta? Kin gani, kunya ce, uwarsa ya gado."

Haka aka yi ta yi. Likita ta tambaya, baba ya amsa.

Da aka gama, Auta ya fita, malama ta ce, "Baba, ku ɗan zauna ku ji wani abu."

Ta kunna. Ya yi dariyar yaƙe. "Kai! Ashe haka muryata take, kamar tsohon inji?"

"Ba muryarku ba, Baba. Abin da ke zuwa kafin ita."

Ta mayar baya, ta ƙara sauti. Ga tambayar likita. Ga shiru. Sai wani ɗan sauti siriri: an ja numfashi, leɓe ya buɗe. Sai muryar baban ta faɗo a kai. Ta matsa gaba, haka. Ta ƙara matsawa, haka dai.

"Haka mutum ke ja in zai fara magana," in ji likita a hankali.

Gumi ya karyo masa. "To, ni taimakonsa nake..." Ya kasa ƙarasawa.

A bakin titi suka tsaya jiran mota, kafaɗa da kafaɗa. Duk da hayaniyar hon, baban ya ji shi: Auta ya ja numfashi. Nan take magana ta taso wa baban har bakin leɓe. Yunwa kake ji? Rana ce? Ya cije harshe. Shirun ya yi tsawo. In fa yaron ya fasa? Motarsu ta zo, ta tsaya, ta wuce, bai ɗaga hannu ba.

"Baba," in ji Auta, idonsa a ƙasa. "Jarrabawar nan, ba faɗuwa na yi ba. Ban ma shiga ɗakin ba."

Tambayoyi suka cika wa baban baki. Ya haɗiye su da ƙyar, ya damƙe hular da hannu biyu.

Auta ya sake jan numfashi.