Zoɓon da Shugaba Ya Sha

Tun daga Aujara har Dutse Ikilima take murza bakin hijabinta a cikin mota.

Shekara biyu ke nan tana dafa wa 'yan ƙwallon garinsu zoɓo duk ranar wasa. Jiya bayan an tashi aka gwada fitsarin 'yan wasan, aka samu ƙwayar tiramadol a jikin tara daga cikinsu. Suka rantse ba su haɗiyi komai ba, zoɓo kawai suka sha. Kafin isha'i magana ta zaga gari, har maƙwabta sun hana 'ya'yansu saye a gidanta.

A ofishin gasar ƙwallon, inda aka kira ta, ta tarar da dattawan kwamiti a jere, da shugabansu Alhaji Gwadabe a tsakiya. Gefe guda ga Koci Sale, ga Malama Safina, nas ɗin da ta yi gwajin.

"Baiwar Allah," in ji Alhaji Gwadabe, "faɗi gaskiya mu rufa miki asiri. In kin ƙi, 'yan sanda ba su da nisa."

Da kyar ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ko sunan ƙwayar ban iya faɗa ba."

"Duk haka suke cewa," in ji Koci Sale.

Nan ta tuna. Ai ba a kai wa yara abin sha a bar manya suna kallo, haka aka tarbiyyantar da ita.

"Alhaji, tukunya ɗaya nake dafawa. Na manyan baƙi nake fara ɗiba a jug, sannan in cika jarkar yara in miƙa wa Koci. Jiya kofi uku ka sha, har ka ce citta ta ji. In a tukunyata take, tana jikinka."

Wani dattijo ya tuntsire da dariya. "Gwadabe, shi ya sa ka hau benen nan da gudu?"

Malama Safina ba ta yi dariya ba. Ta ajiye 'yar kwalbar gwajin fitsari a gaban shugaba. Ya dubi kwalbar, ya dubi dattawa, ya ɗauka ya fita.

Minti ashirin ɗin da aka yi ana gwajin, Ikilima ba ta daina salati a zuci ba.

"Babu komai a jikinsa," in ji Malama Safina. "Tukunyarta lafiya take. Saura jarka, ita kuma a hannun Koci take yini." Ta zaro takardu biyu daga jaka. "Bara sau biyu na rubuto a kansa. Aka ce in bari gasa ta ƙare, kada masu tallafi su gudu."

Dattijon nan ya daina dariya. "Gwadabe, sun zo hannunka?"

Alhaji ya cire hula ya share zufa. "Sun zo."

"To tashi daga kujerar nan, kai da Sale ku koma can. Ke kuma 'yata, ki yafe mana. Me za mu yi miki?"

Sai a lokacin ta saki bakin hijabin, ya jiƙe sharkaf.

"Baba, a tura wani Aujara ya faɗa a bakin kasuwa, kowa ya ji. Sannan a ba ni jarkata, gobe ina da zoɓon suna."