Barkar da Ta Ci Fadama

Buhun gero ɗari biyu Is'haƙa Sodangi ya kai wa wani kamfanin gyaran hanya, don ciyar da leburorinsa. Yarjejeniya ta ce biya cikin kwana arba'in. Aka shekara biyu. Geron kuwa ba nasa ba ne, na manoman Tsamaye ne da suka ba shi bisa amana, mutanen da 'yan bindiga suka riga suka tatse. Da kunya ta ishe shi, sai ya jinginar da fadamar mahaifinsa ga Alhaji Yero na kasuwar Isa, ya sallame su. Sharaɗin Yero ɗaya ne: in ruwan shuka na uku ya sauka ba a fansa ba, gona ta zama tasa.

Takardar kwangilar ta ce in an sami saɓani a je gaban mai sasanci. Aka naɗa wani dattijon lauya a Sakkwato, Malam Abdulrazak. Ya saurari kowa, ya ƙirga takardun karɓar kaya, ya yanke cewa kamfani ya biya har da diyyar jinkiri. Ranar Is'haƙa ya yi ta raba goro kamar shi aka naɗa wa sarauta.

Kamfani ya garzaya babbar kotu yana neman a soke hukuncin. Lauyan Is'haƙa ya ce kada ya damu, duk masu kuɗi haka suke jan ƙafa. Aka ɗage zama sau biyar. Kowace tafiya sai Is'haƙa ya bi hanyar da direba ba ya shigarta sai ya tambayi waɗanda suka fito ko lafiya.

A zama na shida lauyan kamfani ya nemi a kunna wani bidiyo. Taron suna ne a gidan Malam Abdulrazak, mako biyu kafin ya yanke hukunci. Ga Is'haƙa nan a kan tabarma cikin babbar rigarsa ta Juma'a, sanƙira kuma yana ɗaga murya yana shelar cewa baƙo daga Sabon Birni ya kawo ƙwaryar man shanu da zabi huɗu.

Alƙali ya tambaye shi ko shi ne. Is'haƙa, bawan Allah, har da murmushi ya amsa.

"Ni na, ranka shi daɗe. Na ji an yi mai haihuwa, ina cikin garin. Ƙaƙa za ni san mutum in ƙi yi mai barka? Hannu wohi kuwa ba mu shiga gidan suna, haka munka tashi."

Lauyansa ya dafe kai. Ni dai har yau abin na ci mini rai. Kamfanin da ya cinye geron talakawa shekara biyu babu wanda ya kunna masa bidiyo, sai zabi huɗu ne suka zama abin bincike. Amma doka ba ta san barka ba. Alƙali ya ce mai sasanci ya karɓi kyauta daga ɓangare ɗaya ana tsakiyar shari'a, kuma bai bayyana ba. Ya soke hukuncin, ya ce a naɗa wani a sake daga farko.

A mota, ana dab da Turba, hadari ya haɗo ta gabas. Fasinjoji suka yi ta hamdala. Ruwan ya kece, Is'haƙa kuwa ya san ruwan shuka na uku ke nan.

Washegari ya sami Yero a rumfarsa, ya durƙusa ya roƙi ƙarin wata shida. Yero ya tausaya masa ƙwarai, amma ya ce shi ma kuɗin mutane ne, kuma ya riga ya sayi iri. Is'haƙa ya yi lissafi. Yana da baki tara a gida, rumbu kuma babu komai. Sai ya tambaya ko ana neman 'yan ƙwadago a fadamar, tunda babu wanda ya san inda ruwa ke kwanciya a cikinta kamar shi.

"Taho da kalmenka gobe," in ji Yero, yana nufin fartanya. "Yini dubu biyu na, kamar kowa."