Sifilin da Yaya Ya Mayar Baya

Tun ranar da yayanta ya kore ta daga shagon mahaifinsu, Auta ba ta taɓa cewa ta yafe ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba. Suna haɗuwa a ɗakin Umma su gaisa, ta tambayi lafiyar yara, ya ce lafiya lau. Wanda bai san su ba sai ya ce ga 'yan'uwa abin sha'awa.

Shagon na gugar ƙarfe ne. Masu yin bokiti da kujerun roba suna kawo mazubansu, wato ƙarafan da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki ta fito da siffa, a goge musu cikin har ya yi santsi. Baba ya rasu ya bar injinan guga, da ma'aikata, da 'ya'ya biyu masu taurin kai iri ɗaya. Yaya ya gaji hannun Baba, ya gaji har farcen. Ya bar farcen babban yatsansa na dama ya yi tsawo, in ya ja shi a kan ƙarfe ya lumshe ido, sai ya faɗa maka kaushin wurin da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma da wuya ya kuskure. Auta kuwa makaranta ta yi, ta karanto aikin awo, ta dawo da wata 'yar na'ura mai siririyar allura da ke bin fuskar ƙarfe tana auna tudu da kwarin da ido ba ya gani.

Na'urar ce ta jawo. Wata rana Yaya ya gama wani aiki, farce ya ce ya yi, allura ta ce da saura, Auta kuma ta faɗa a gaban ma'aikata, don ita ma ba ta iya tauna magana ba. Yaya ya zare wayar na'urar daga bango, ya naɗe ta a tsanake, ya ɗora mata a hannu.

"Tunda awo kike so, tafi gida ki auna gishirin miya. Nan wurin aiki ne."

Aka yi dariya. Ba duka suka yi ba, amma ta ga waɗanda suka yi, kuma har gobe za ta iya faɗa maka inda kowannensu yake tsaye. Ta fita rungume da na'urarta, ba ta bari hawaye ya zubo ba sai da ta sha kwana.

Shekaru suka ja. Auta ta samu aiki a wani kamfani mai yin murfin fitilar mota, robar nan mai haske garau da ke gaban ƙwan. Ta yi ta hawa har ta zama shugabar ɗakin awo, ba ƙarfen da zai hau injin kamfanin sai ta auna ta ce ya yi. Shagon Baba kuwa baya ya riƙa ci. Masu bokiti suka koma wurin masu sababbin injina, ma'aikata suka ragu, rabin injinan suka sha lulluɓi da buhu.

Ana nan sai kamfanin ya buƙaci a goge masa sababbin mazubai. Yaya ya nemi aikin, Manajan kamfanin ya ba shi, ba da sanin Auta ba. A bakin Umma ta ji.

"Wannan aikin shi ne na ƙarshe, Auta. In ya yi kyau, kamfaninku zai ci gaba da ba shi. In bai yi ba, ya ce rufe shagon zai yi ya sallami mutane. Shagon ubanku ne. Ki kama masa."

"To, Umma," in ji Auta. Ta ci gaba da matsa mata ƙafa.

Murfin fitila ba bokiti ba ne. In cikin mazubin yana da kaushi ko yaya, robar za ta fito da hazo, hasken fitila ya watse. Don haka takardar aikin ta ce kaushin kada ya wuce 0.02 na maikiromita. Maikiromita ɗaya nanomita dubu ne, ke nan nanomita ashirin ake nema. Farcen ɗan Adam kuwa, ko na waye, yana daina jin komai tun kafin a zo kusa da nan.

Da aikin ya kusa ƙarewa, Manaja ya tura ta ta leƙa. Ta shiga ta ƙofar da ta fita shekarun baya. Warin mai da ƙurar ƙarfe yana nan, teburin Baba yana nan da ƙafarsa ɗaya da aka tokare da guntun katako. Yaya ya tare ta da fara'a, hannunsa baƙi ƙirin, ya ja ta wurin mazuban da ke jere a kan tsumma mai tsabta.

"Zo ki gani. Har irin na'urar taku na aro, kada ki ce ban waye ba. Sai dai ita da nanomita take magana, sai da na zauna na juya lissafin."

Ya nuna bango da haɓa. Da alli ya rubuta, manya-manya, yadda kowane ma'aikaci zai hango daga inda yake tsaye: 0.02, a ƙasa 020, a ƙasa kuma 200 an zagaye shi sau biyu. Kallo ɗaya Auta ta yi ta gane abin da ya faru. Ya matsar da ɗigon gida uku daidai, ya samu 020. Sai idonsa ya ƙi yarda da lambar da ta fara da sifili, ya ɗauke shi daga gaba ya mayar da shi baya. Ɗari biyu kuwa ita ce 0.2, santsi mafi kyau da aka taɓa nema a shagon tun zamanin Baba. Lambar ta yi masa kama da gida, farcen ma ya zame a kan ƙarfen bai ji komai ba, sai ya ga shaidu biyu sun haɗu.

"Ɗari biyu suka ce, na ba su ɗari da tamanin," in ji shi. "Gobe za a kai su a yi musu shafe."

Shafen wani siririn ƙarfe ne mai tauri da ake lulluɓe cikin mazubi da shi don ya daɗe. Kafin shafe, gyaran kaushi aikin 'yan kwanaki ne da man lu'ulu'u da haƙuri. Bayan shafe ba guga, in kuwa aka kankare shi, ramin ya faɗaɗa, mazubin ya tashi aiki.

A yi mata adalci, ta buɗe baki. Maganar tana kan harshenta: Yaya, ashirin ne. Ta tuna Umma, ta kalli teburin Baba. Sai Yaya ya dafa kafaɗarta, ya dube ta da zuciya ɗaya.

"Wallahi na ji daɗin ganinki a nan. Ni fa har yau ina mamaki, wai me ma ya sa kika bar shagon nan?"

Da zagi ya sake yi mata, da ta gyara masa lissafin ta tafi. Amma ya manta. Abin da ta kwana da shi ta tashi da shi, abin da ya sa ko a kicin ɗinta in ta ɗebi gishiri sai ta ji zuciyarta ta yi zafi, shi ko alamarsa ba ta rage a kansa ba. Ta ji wata ƙiyayya mai sanyi ta sauko mata har tafin ƙafa. An ce rama cuta ga macuci ibada ne, Auta kuwa ta ji ta daɗe ba ta yi ibada ba.

"Ƙuruciya ce, Yaya," ta ce. "Aiki ya yi sheƙi. Allah ya kai mu ranar awo."

Bai lura ba cewa sheƙi kawai ta ce. Ta koma ta gaya wa Manaja aiki yana tafiya, ta kuma ba da shawarar a yi awon ƙarshe a shagon, wai don kada a wahala da ɗaukar ƙarafa masu nauyi. Manaja ya yaba da tunaninta.

Ranar awo Yaya ya sa an share shagon har saƙo-saƙo, ma'aikata sun sa riguna wankakku sun jeru. Auta ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ji daɗi da ta ga cikin masu dariyar nan akwai waɗanda talauci bai kora ba tukuna. Tare da Manaja ta zo. Ta ajiye na'urar kamfani a teburin Baba, ta goge allurar, ba ta yi gaggawar komai ba. Ta ɗora ta a kan mazubi na farko.

"Ɗari da tamanin da biyu," ta karanta da ƙarfi.

Yaya ya yi murmushi ya kalli mutanensa. Ta auna na biyu, ta auna na uku, tana faɗa yana gyaɗa kai, shi kuwa Manaja fuskarsa tana ta ɗaurewa. Da ta gama ta nemi a ba ta alli. Ta je bangon, ta tsaya a gaban ɗari biyun da aka zagaye, ta sa yatsa ta goge sifilin ƙarshe, ta ja layi a ƙarƙashin ashirin ɗin da ya rage.

"Ashirin ake nema. Naka ya ninka shi sau tara. Ba ko ɗaya da zai hau injinmu."

Manaja ya kalli bangon, ya kalli mazuban kamfaninsa da suka sha shafe, ya girgiza kai, ya ce zai jira ta a mota. Yaya ya tsaya yana motsa leɓe, yana matsar da ɗigon a zuci, gida ɗaya, biyu, uku. Ta ga lokacin da ya gane, don gumi ya keto masa a goshi nan take.

"Auta, ke ce mai ilimin abin nan. Ki gaya mini yadda za a yi."

"Ni? Ai ni gishirin miya aka ce in auna."

Ya dube ta bai fahimta ba. Sai wani tsohon ma'aikaci ya sunkuyar da kai, wani ma ya bi shi, a fuskokinsu Yaya ya karanto abin da ya manta. Daga nan mutumin da ya goya ta tana ƙarama, mai furfura a gemu, ya durƙusa a gaban ƙanwarsa a kan simintin da mai ya jiƙa.

"Na tuna. Ban kyauta ba. A gabansu na faɗa, a gabansu nake roƙonki, ki yafe mini don Allah."

Kada wanda ya ce maka ba ta ji daɗi ba. Ta ji, har cikin ƙashinta, daɗin da ta yi shekaru tana ƙishirwarsa. Ta bar shi a durƙushe har kowa ya gani da kyau. Da daɗin ya lafa sai ta ga ƙeyarsa, ta ga yadda gashin ya zube kamar na Baba, ta ji da gaske tana son ta taimake shi yanzu. Ta lalubi abin da za ta ba shi a kanta, ta rasa. Ita da kanta ta tabbatar ba a bar komai ba.

"Na yafe, Yaya. Tashi."

"To ya za a gyara?"

"Ba gyara. An riga an yi shafe."

Bai tashi ba. Ya ɗago kai ya kalli bangon, ya kalli inda ta tsaya ranar da ta zo leƙawa, daidai gaban rubutun. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Ranar nan da kika zo, kin gani?"

Tana iya cewa ba ta lura ba, ba mai ƙaryata ta. Amma ramuwar da ba a san wanda ya yi ta ba, a wurin Auta, ba ramuwa ba ce.

"Na gani."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya dafa ƙafar teburin ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ce wa ma'aikata su kashe injina, kowa ya kwashe kayansa. Bai ɗaga murya ba, bai kuma sake kallon fuskarta ba.

"Umma tana gida tana jiran labari, tun safe take mana addu'a," ya ce. "Ni ba zan iya ba. Ke ki je ki gaya mata."